Daga Dalma Zuwa Kwamfuta: Awon Haruffan Ɗab'i

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da 'yan uwa masu sana'ar ɗab'i na Fagge da Sabon Gari, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa buga takarda a kwamfuta ya san 12 ɗin nan da ake zaɓa don girman rubutu. To 12 na me? Sunan awon poyin, kuma ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wani mai ƙera haruffan ɗab'i, Fournier, shi ne ya tsara shi a Faransa a 1737, daga baya wani maɗabi'in Faransa, Didot, ya gyara. Amurkawa suka tsayar da nasu a 1886, Ingila ta bi su, mu ma ta hannun Ingila muka gada. Poyin 12 shi ne faika ɗaya, faika shida kuma kusan inci guda. Shi ya sa rular mai jera haruffa, ta ƙarfe ce mai ƙugiya a kai, gefe ɗaya faika, ɗaya gefen inci.

Ga inda nake so ku kasa kunne. Poyin ba ya auna harafin da ido ke gani. A da, kowane harafi a kan guntun dalma ake zuba shi, to jikin dalmar nan yake aunawa. Harafi na iya cika jikin, wani kuma ya tsuke a tsakiya. Saboda haka sai ka ga rubutu biyu, kowanne 12, amma ɗaya ya fi ɗaya girma, mai aiki ya zo yana faɗa wai an cuce shi. Ba a cuce ka ba, Alhaji.

Tazarar layi ma a da, da hannu ake yin ta, a cusa siraran sandunan dalma tsakanin layi da layi. Mu nan Kano abin ya fi shafa, don mai buga ajami ko Larabci dole ya ƙara tazara, in ba haka ba wasalin sama ya hau na ƙasa. Ni a ganina yawancin littattafan da ke gajiyar da ido a kasuwa, matse layi ne matsalarsu, don a rage kuɗin takarda.

Awon Didot kuwa ya ɗan ɗara na Ingila, har tsayin dalmar ya bambanta: na Ingila inci 0.918 ne. In ka haɗa haruffan Jamus, masu bin awon Didot, da na Ingila a shafi guda, wasu su huda takarda, wasu ko tawada ba za su taɓa ba. Kwamfuta ce ta raba gardama, ta mai da inci poyin 72 cif.

Mai tambaya a baya can, bismillah.