Kai ne root, to me ya sa ClamAV ke ce maka ba izini?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kula da sabar imel a ofisoshin Ikeja da Apapa sun yi ta turo mini hoton allo iri ɗaya, to yau a kansa za mu zauna. Ga shi nan, saƙon da ClamAV, manhajar kama ƙwayoyin cutar kwamfuta, ke fitarwa: lstat() failed: Permission denied, wato ba izini.

Shigar da ClamAV ba wuya, ga shi ina yi. Sai freshclam, mai sabunta ClamAV, ya sauko da bayanan ƙwayoyin cuta. Idan ya ce an kulle fayil ɗin log, yana can yana aiki a bayan fage ne, ku ƙyale shi. Mu wuce.

Yanzu ku natsu. Na rubuta clamscan a kan wannan wasiƙa, ya duba lafiya, sai dai ya ɗau lokaci. Na ƙara harafin d, clamdscan, ya ƙi. Fayil ɗaya, kuma ni ne root, mai cikakken iko a kan na'urar.

Dalili shi ne clamscan da kansa yake buɗe fayil, da izininka. Shi kuwa clamdscan ba ya duba komai. Adireshin fayil kawai yake miƙa wa clamd, mai binciken ClamAV da ke zaune a ƙwaƙwalwar na'ura yana aiki da izinin mai amfani mai suna clamav, ba da naka ba. Kamar ka aiki yaro ya ɗauko kaya a sito ne, makulli kuma yana aljihunka. Ko sau nawa ka sa sudo, umarnin aiki da ikon root, girmanka ka ƙara, na clamd bai motsa ba.

Don Allah kar ku yi chmod 777, wanda ke buɗe fayil ga kowa. Wasiƙun mutane ne a ciki, da takardun albashi da sirrin kasuwanci, amana ce.

In gwaji kake yi da hannu, ƙara --fdpass: kai za ka buɗe fayil ɗin ka miƙa masa a buɗe. Kun gani, ya wuce. In kuma Postfix (manhajar sabar imel) da amavis (mai tace wasiƙu) ne ke kiran clamd, a Debian ko Ubuntu rubuta adduser clamav amavis don sa clamav cikin rukunin amavis, sannan ka sake tayar da clamav-daemon. Nan ake yawan mantawa: sai an sake tayar da shi yake sanin sabon rukuninsa. Idan har yanzu ya ƙi a Ubuntu, leƙa AppArmor, tsarin tsaron da ke iyakance fayilolin da manhaja za ta iya taɓawa.

Wani saƙon kuma, Could not connect to clamd, yawanci yana fitowa ne bayan an ɗauke wuta sabar ta sake tashi. Ba clamd ɗan lokaci ya loda bayanai. In yana mutuwa, duba RAM, don sabar da ke da giga 1 ba ta iya ɗaukarsa.

Masu rubuta skirif, echo $? zai nuna lamba: 0 lafiya, 1 an kama cuta, 2 kuskure. Kar ku ɗauki 2 a matsayin cuta ku zubar da wasiƙar kwastoma.

Ku aika wa kanku EICAR, fayil ɗin gwajin manhajojin kama ƙwayoyin cuta, mai baiti 68, ba ya cutar da komai. Ga nawa, an tsare shi.