Buhun yuriya da dillalin da ba ya karɓar la'ada

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, na cikin garin Gombe da na Kumo da Bajoga da Dukku, har da 'yan uwanmu na Bauchi da ke kama mu, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau kan wata iska ne da duniya ke ta zancenta, wato haidirojin, amma kafin wani ya ce wannan ai maganar 'yan boko ce ya murɗa rediyonsa zuwa wata tasha, don Allah a ɗan dakata, domin da buhun taki zan fara.

Yuriyar nan da manomin shinkafa a Dadin Kowa yake sayar da akuya ya saya, daga amoniya ake yin ta, ita kuma amoniya haɗin iska biyu ce, naitirojin da haidirojin. Naitirojin kyauta ce daga Allah, kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ita ce. Haidirojin ce mai cin kuɗi, don daga iskar gas ake tatso ta, shi ya sa a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi gas ya yi tsada a duniya, sai ga kuɗin taki ya haura har a kasuwannin ƙauyukanmu, mutumin da bai taɓa jin sunan Yukiren ba shi ma ya ji a jikinsa.

To ita naitirojin ɗin nan taurin kai gare ta, ko shekara nawa za ka ajiye ta da haidirojin a tukunya ɗaya ba za su haɗu ba sai an sa musu mai shiga tsakani. Masana na ce masa katalis, ni kuwa dillali nake ce masa. Duk wanda ya taɓa shiga Tike ya san aikin dillali, ga mai sa ga mai kuɗi, kowa ya ƙi sakkowa, shi zai ja wannan gefe ya ja wancan gefe har a ce Allah ya sa albarka, ba shi aka saya ba ba shi aka sayar ba, yana gamawa ya wuce wani cinikin. Bambancin kawai shi ne na kimiyya ba ya karɓar la'ada.

Kuma abin da ya fi burge ni, yawancin dillalan nan dangin tsatsa ne. Eh, tsatsa dai da kuka sani ta jikin tsohon kwano, ƙarfe ne ya haɗu da oksijin, kuma kusan kowane ƙarfe yana da irin tasa tsatsar. A 1909 Bajamushe Fritz Haber ya nuna za a iya haɗa amoniya, sai wani abokin aikin Carl Bosch mai suna Alwin Mittasch ya zauna yana gwada sinadarai, gwaji dubbai, har ya gano cewa baƙin dutsen ƙarfen nan da maganaɗisu ke kamawa, in an ɗan gauraya shi da wasu abubuwa, shi ne ya fi dacewa. A 1913 aka buɗe masana'antar farko a Oppau ta Jamus, kuma har yau zuriyar wannan dillali ce ke aiki a yawancin masana'antun taki na duniya. Kanikawanmu ma sun san wani ɗan uwansa, abin nan da ke cikin salansar mota da suke ce wa indomi, shi ke rage gubar hayaƙi, kuma don ƙarafa masu tsada da ke cikinsa ake sace shi.

Matsalar ita ce hanyar da ake samun haidirojin a yau. Duniya na amfani da tan miliyan 90 da wani abu a shekara, mafi yawansa daga gas da gawayin ƙasa, kuma kowane kilo ɗaya da aka tatso daga gas yana sakin hayaƙin kabon wajen kilo 9 zuwa 10. Mu da muke ganin damina na rikicewa, yau ambaliya gobe fari, ba sai an yi mana dogon bayani a kan hayaƙin nan ba.

Akwai wata hanyar, kuma tsohuwa ce, tun 1800 aka san in ka tura lantarki cikin ruwa zai rabu biyu, haidirojin gefe oksijin gefe. Lita 9 na ruwa na ba da kilo ɗaya na haidirojin. In wutar daga rana ta fito, shi ke nan babu hayaƙi. A lissafi bolt 1.23 ya isa ya raba ruwa, bai ma kai ƙarfin batirin tocila ɗaya ba, amma a aikace sai an kai 1.8 zuwa 2, kuma wancan ƙarin asara ce, zafi kawai yake zama. Gefen fitar da oksijin shi ne mai gardama, nan ake fama, nan ne ake neman dillali na ƙwarai. Wanda aka fi dogara da shi a injinan zamani masu aiki da asid tsatsar wani ƙarfe ce da ake kira iridiyom, yana aiki kuma yana jure ruwan asid, sai dai duk duniya abin da ake haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu. Ta yaya za a ɗora abincin duniya a kan ƙarfen da tirela ɗaya za ta kwashe na shekara guda? Shi ya sa ake ta komawa ga talakawan ƙarafa, tsatsar nikel da ta baƙin ƙarfe a haɗe, da kobalt, da manganis, a ga ko za su yi aikin kuma su daɗe ba su zagwanye ba.

A nan ina so ku ɗaga kai ku kalli ganyen darbejiyar ƙofar gidanku. Shi ma ruwa yake rabawa da hasken rana kullum, oksijin ɗin da muke shaƙa daga nan yake, kuma da masana suka leƙa ciki sai suka tarar dillalinsa ɗan ƙanƙanin dunƙule ne na ƙwayar manganis 4 da kalsiyom 1 da oksijin 5. Babu zinare babu iridiyom. Allah mai iko, wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Mutane sun yi ƙoƙarin kwaikwayo. A 1972 Akira Fujishima da malaminsa Kenichi Honda na Jami'ar Tokiyo suka nuna cewa tsatsar taitaniyom, farar hodar nan da ake sawa a fenti, tana raba ruwa in haske ya sauka a kanta, amma ɗan ɓangaren hasken rana da take iya kamawa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. A 2021 wasu masanan Japan suka shimfiɗa faranti mai faɗin murabba'in mita 100 a fili, ya yi aiki wata da watanni, sai dai abin da ya juya na hasken zuwa haidirojin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Saboda haka kar wani ya ce muku an gama, da sauran aiki ja.

Bari ma in yi muku lissafi da abin da muke da shi. Kilo ɗaya na haidirojin na cin wuta wajen yunit 50 zuwa 55. Dam ɗin Dadin Kowa megawat 40 ne, in da za a ba aikin raba ruwa wutarsa duka ba dare ba rana, abin da zai fito bai wuce tan 19 a yini ba, wato yuriya ƙasa da buhu 4,000, alhali masana'antar Dangote ta Legas da aka ƙaddamar a 2022 an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara. Kuma ni ba zan goyi bayan a ɗauke wutar da asibiti da mai walda ke jira a kai ta can ba. Sabuwar wuta ce ake buƙata, ta sola, rana kuwa ba ma roƙon kowa ita. Saudiyya da duk man da take da shi, ita da abokan hulɗarta sun zuba fiye da dala biliyan 8 a irin wannan aiki a yankinta na Neom, don su yi amoniya da wutar rana da ta kaɗawar iska.

Ra'ayina shi ne mu bar zancen motoci masu haidirojin tukuna, namu rabon a taki yake, kuma ƙofar shigarmu ita ce binciken dillalan nan masu araha, domin ba ya buƙatar biliyoyi. Muna da sashen kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere. Baƙin yashin da masu haƙar kuza ke barin sa tuli a tsaunukan Jos akwai taitaniyom a ciki. Yuriya na buƙatar iskar kabon kafin ta zama yuriya, ga ta nan tana fita ta bututun kamfanin siminti na Ashaka kowace rana. Ina kira ga gwamnatocin Gombe da Bauchi da hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, a zaɓi ɗakin gwaji ko guda ɗaya ne, a sa masa sola da batir don kar wuta ta yanke ana tsakiyar gwaji, a sayi na'urar auna ƙarfin katalis, a ba ɗalibai masu digiri na biyu da na uku kuɗin shekara biyar a jere, sannan duk ƙarshen shekara su zo nan gaban makirfon su faɗa wa manoma da Hausa wace tsatsa suka gwada, bolt nawa ta ci, kuma awa nawa ta yi kafin ta gaji.