Amsoshin Tambayoyinku: Shin Gowon ne ya ba da Bakassi tukuici?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko yau daga wani malamin firamare take a Mubi, jihar Adamawa. Ya ce: "Tun muna yara muke jin cewa Janar Gowon ne ya ba Ahmadu Ahidjo Bakassi tukuici, saboda Kamaru ta mara wa Najeriya baya a yaƙin basasa. Don Allah gaskiya ne?"

To Malam, Allah ya ƙara basira. Wannan magana ta daɗe tana yawo a bakin mutane, amma ba haka abin yake ba. Tun ba a haifi Gowon ba aka rubuta takardar da ta raba Najeriya da Bakassi.

Bakassi dai yanki ne na tsibirai da fadamu a bakin tekun Atlantika, kusa da Kalaba. Ba wurin mota ba ne, kwalekwale ne abin hawa. Za ka ga bukkoki a kan turaku saboda ruwa, maza sun fita su tun asuba, mata suna bandar kifi da jatan lande. Yawancinsu 'yan Najeriya ne, Efik da Ibibio da maƙwabtansu. Ga kifi, ga kuma zancen man fetur a ƙarƙashin teku, shi ya sa ido ya yi yawa a kan wurin.

Ran 11 ga Maris 1913 Ingila da Jamus suka sa hannu a wata yarjejeniya, suka ce kogin Akwayafe ne iyaka. Da wannan Bakassi ta faɗa ɓangaren Jamus, wato Kamaru. Da Jamus ta sha kaye a yaƙin duniya na farko, Ingila ta riƙe yammacin Kamaru amana, Bakassi tana cikin yankin kudu. A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanka, Malam. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, yankin arewa, har da Mubi, ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna, kudu kuwa ta zaɓi Kamaru. Ƙuri'ar da ta mai da kai ɗan Najeriya ita ce ta tafi da Bakassi.

Ina Gowon ya shigo? Shi da Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin, sun sa hannu a wata yarjejeniya a Marwa da ke arewacin Kamaru ran 1 ga Yuni 1975, amma a kan iyakar cikin teku ne, kuma sun bi layin 1913 ɗin nan ne. Ba a cika wata biyu ba aka yi masa juyin mulki, waɗanda suka gaje shi suka ce ba da yawun majalisar ƙoli ta soja aka yi ba.

Daga nan sai zaman doya da manja. A 1981, zamanin Shagari, an kashe sojojin Najeriya biyar a yankin, saura ƙiris a gwabza yaƙi. Ƙarshen 1993 Abacha ya tura sojoji, Kamaru kuma ta garzaya Kotun Duniya da ke Hague a Maris 1994. Hujjar Najeriya ita ce, a 1884 sarakunan Tsohuwar Kalaba kariya kawai suka nema daga Ingila, ba ƙasarsu suka sallama ba, kuma mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Ni kam har gobe ina ganin wannan hujja tana da nauyi. Amma kotu ba ta karɓa ba, ran 10 ga Oktoba 2002 ta ba Kamaru gaskiya. Obasanjo da Paul Biya suka ƙulla yarjejeniyar Greentree a Amurka ran 12 ga Yuni 2006 a gaban Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, aka kammala miƙa yankin ran 14 ga Agusta 2008, zamanin marigayi 'Yar'aduwa.

An kauce wa zubar da jini, wannan abin godiya ne. Abin da ke ci mini rai shi ne masuntan. Yarjejeniyar ta ce babu mai tilasta musu tashi ko sauya ƙasa, amma dubbai sun kwashe komatsansu, aka tsugunar da su wajen Ikang a jihar Kuros Riba. Mutumin da bai san komai ba sai taru da kwalekwale, an raba shi da ruwan kakanninsa, ya koma jiran tallafi. Waɗanda suka zauna kuma sun zama baƙi a garin da aka binne cibiyarsu.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maiduguri. Ta ce mahaifinta ya yi sana'ar kifi a Darak, me ya sa yanzu ake cewa garin Kamaru ne?

Hajiya, shari'ar ɗaya ce. Da Tafkin Chadi ya yi ta janyewa bayan farin shekarun 1970 da 1980, masunta, Hausawa da Barebari da sauransu, suka bi ruwa duk inda ya nufa, suka kafa garuruwa a kan ƙasar da ta bushe, ba su san sun tsallake layin da Ingila da Faransa suka shata a 1919 suka tabbatar a 1931 ba. Najeriya ta yi ta mulkin wuraren shekara da shekaru, amma kotu ta ce daɗewa a wuri ba ya soke takarda. A Disamban 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30 a yankin, har da Darak. A gaida mana Baba in yana raye, in kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa da rahama.