Jawabin Maraba Ga Baba Bishop A Taron Zumuntar Ikkilisiyoyi

Mai Girma Baba Bishop, babban baƙonmu na yau, iyayenmu fastoci da dattawan ikkilisiya, iyaye mata na zumunta, matasa da mawaƙa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da mu duka.

Baba, barkanku da zuwa, sannunku da hanya. An ce zumunci a ƙafa yake, ga shi kun tako da kanku duk da ayyukan da ke gabanku. Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfi.

In kun duba zauren nan za ku ga ba ɗarika ɗaya ce ta haife mu ba. Akwai masu yi wa jarirai baftisma, akwai waɗanda sai mutum ya girma ya furta da bakinsa kafin su nitsar da shi a ruwa. Wasu na addu'a a durƙushe shiru, wasu sai sun ɗaga murya da hannuwa. To, me ya zaunar da mu a benci ɗaya?

A daren da aka bashe shi, Yesu ya roƙi Uba, a Yohanna 17, cewa masu bi su zama ɗaya domin duniya ta gaskata Uba ne ya aiko shi. Bulus kuma a Afisawa 4 ya lissafa abin da muka tsaya a kai: Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, Allah ɗaya Uban kowa. Sunan ɗarikar kowa ba ya cikin lissafin. Da Korantiyawa suka fara cewa ni na Bulus ne, ni na Afolos, ni na Kefas (wato Bitrus), tambaya Bulus ya jefa musu: Bulus ne aka gicciye dominku? Shaidar bangaskiyar da aka fara tsarawa a taron shugabannin ikkilisiya a birnin Nikiya a shekara ta 325, har yau da yawanmu ita muke furtawa ran Lahadi, ko da yake rabuwar ikkilisiyar Gabas da ta Yamma a 1054 da ta Katolika da Furotesta da ta faro a 1517 sun ratsa tsakani.

Amma Baba, furci ba shi da wuya. Gunagunin farko da Ayyukan Manzanni 6 ya ba da labari ba na koyarwa ba ne, na rabon abinci ne. Masu bi da ke jin Girkanci suka ce ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce a yi shiru don kada a tona asirin ikkilisiya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanas da Filibus, kuma dukansu sunayen Girkawa gare su. Da alama ɓangaren da ya yi kuka aka damƙa wa ludayin. A Antakiya ma, Bitrus yana cin abinci da Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, lafiya lau, da wasu suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi sahunsa. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa, domin wanda Almasihu ya karɓa ba a ware masa akushi.

Ni dai a ganina, abin da ya fi raba mu yanzu ba ya wuce irin wannan: kujerar shugabanci, asusun baiko, wanda aka je wa gaisuwar rasuwa da wanda aka manta. Sai bayan zuciya ta ɓaci ake neman ayar da za a jingina da ita.

Saboda haka muna da roƙo. Ku sa baki, Baba, taimakon gwauraye da marayu ya zama aikin da muke yi tare, ba sai an tambayi matar wace majami'a take zuwa ba. Ku kuma ja kunnen matasan fastocinmu, a daina zagin juna a kan bagade da janye membobin maƙwabci. Maganarku tana da nauyin da tamu ba ta da shi.

Yanzu mawaƙa za su ba mu waƙa ɗaya, daga nan sai mu miƙe tsaye mu tarbi Baba ya yi mana jawabi.