Kafin kafinta ya hau sama: me za a rubuta a takardar jinga?

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Agege. Yau maganar rufin gida za mu yi, don kun san ruwan Legas daga Afrilu zuwa Yuli ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Kawu, kai ka ce a ɗauko batun.

Kawu: Ni na ce, 'yata. Mutanenmu sun fara gini a Ikorodu da Ajah, amma har yau da baki muke jinga. A gaisa, a ce Allah ya sa albarka, a miƙa kuɗi. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, cewa ta yi a rubuta bashi, a kafa shaidu. Kafin alƙalamin da ka ba kafinta kuwa bashi ne a wuyansa har ya gama aiki.

Hadiza: To Injiniya, an ɗauko takarda. Da me za a fara?

Injiniya: Bayan cikakken sunan kafintan da adireshin shagonsa, sai kaurin kwano. Nan ake cin mutane. Kada a rubuta "kwano mai kyau". A rubuta na alminiyam ne ko na ƙarfe mai tsakuwa, wane kamfani, wane launi, mita nawa, kuma milimita 0.45 ne ko 0.55. Da ido ba za ka bambance su ba, amma a kuɗi da ƙarko akwai tazara. A sa sharaɗi cewa ranar da mota ta sauke kaya za a auna da ma'aunin kauri a gaban mai gida. Ana maƙala shi a bakin kwanon, a murɗa a hankali, lamba ta fito. In bai kai ba, a mayar da kwanon, asarar a aljihun kafintan.

Kawu: Na Ajah ma sai sun ƙara kula. Iskar teku gishiri gare ta.

Injiniya: Ƙwarai, Alhaji. Can kwanon ƙarfe mara kyau nan da nan yake tsatsa, har ƙusa. Shi ya sa ita ma ƙusar ake rubuta irinta, mai roba a wuya wadda ke hana ruwa bi ta hudar. Katako kuma a faɗi girmansa, a ce busasshe, a sha masa maganin gara kafin a ɗora. Ɗanyen katako yana bushewa a sama ya karkace, ƙusa ta saki.

Hadiza: Ni kuɗin ne ke damuna. Wasu cewa suke a ba su duka, wai kaya na tashi kullum.

Injiniya: Gaskiya ne kaya na tashi, amma maganinsa a saye su da wuri, rasit da sunan mai gida. Ladan aiki kuma a raba: kaɗan a farko, wani in an gama katako, wani in an buga kwano. Sai a riƙe kashi 5 ko 10 cikin ɗari har ruwa mai ƙarfi ya sauka a ga babu yoyo. A rubuta wata nawa zai riƙa dawowa gyara kyauta.

Kawu: Kada ku manta da 'yan omo onile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce. Da sun hango katako a sama sai su zo neman kuɗin rufi. Jihar Legas ta yi doka a 2016 ta haramta wannan, amma ba su daina ba. A rubuta wa zai tare su, don kada kafinta ya tattara yaransa ya bar maka gida a buɗe.

Hadiza: In yaro ya faɗo fa, Allah ya kiyaye?

Injiniya: Amin. A rubuta wa ke da kuɗin asibiti tun ana dariya da juna. Haka ranar farawa da ranar gamawa, da wanda zai kwashe ragowar kwano.

Hadiza: In duk da haka ya saɓa, Kawu?

Kawu: Akwai kotun ƙananan da'awa a Legas tun 2018, an buɗe ta ne don sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma ba dole sai da lauya ba. Takardar nan za ka ajiye gaban majistare. Don haka kowa ya sa hannu a kowane shafi, shaidu biyu su sa nasu, a yi kwafi biyu, ka kuma ɗauki hotonta a waya.