Shayin ganyen sanaubar: Hajiya, ƙirga tsinken kafin ki ɗora ruwa

Assalamu alaikum jama'ar Makka da Jidda, da 'yan uwanmu na Ɗa'ifa. Sanyi ya shigo, masu Umara sun cika gari, tari ya shiga gida-gida. Shi ya sa bidiyon shayin ganyen sanaubar, bishiyar nan mai ganye kamar tsinke da Turawa ke kira pine, yake ta yawo a WhatsApp, ana cewa wai yana maganin mura. Hajiyoyi sun yi ta turo hoton ganyen da suka tsinko suna tambaya ko shi ne, kuma wallahi hankalina ya tashi, don da yawa daga ciki ba sanaubar ba ne.

To ku matso ku dubi hannuna. Kallon bishiya daga nesa ba zai gaya miki komai ba, gindin ganyen za ki duba. Sanaubar na gaske ba ya fitar da tsinkensa ɗai-ɗai. Biyu-biyu suke fitowa, ko uku-uku, ko biyar-biyar, kuma akwai wata 'yar fata mai ruwan ƙasa da ta naɗe su a gindi. Kun gan ta nan? Wannan irin shi ake kira sanaubar na Halab, shi biyu-biyu yake yi. In kika murza shi, yatsunki za su yi danƙo, ƙamshi ya tashi.

Yanzu ga wanda ya fi ruɗa mutane: kazwarina, wadda ake jerawa a gefen gonaki da tituna don tare iska. Daga cikin mota sai ki rantse sanaubar ce. Amma ja tsinken a hankali. Kin ga ya ɓalle a gaɓa? Sake ja. Ya sake ɓallewa. Gaɓa-gaɓa ne kamar rake, don wannan ba ganye ba ne ma, siririn reshe ne. Na sanaubar santal yake daga gindi har baki. Haka shi ma itacen da Larabawa ke kira asal, wanda gishiri ke taruwa a jikinsa, gaɓa gare shi. Duk mai gaɓa, ajiye shi.

Wannan kuma ar'ar ne, mai cika duwatsun Baha da Abha. Ganyensa ƙanana ne manne da reshe, 'ya'yansa shuɗi-shuɗi. Ba shi ake nufi ba, kuma Alhaji, kada ka ɗauki adda ka nufi dutse, saran itatuwan daji laifi ne a ƙasar nan, akwai tara.

Masu 'ya'ya a Turai ko Turkiyya, ku tura musu wannan gargaɗin. Akwai wata bishiya a can mai suna taksus, ganyenta mai faɗi-faɗi, ɗai-ɗai a jere, da jan ɗa mai taushi. Dafinta zuciya yake kamawa, kuma yana kisa. Wanda bai ga ɗaurin nan na gindi ba, kada ya sa a baki.

Ko kin samu na gasken, ban so ki tsinko na bakin titi. Hayaƙin mota ne a kai, ga feshin maganin ƙwari. Ki nemi na gona ko lambun da kika san mai shi, ki roƙa, ki ɗebi koren ganye kaɗan.

Sauran aikin ba wuya. Wanke, yanke gindin, yayyanka, cokali ɗaya babba a kofi. Tafasa ruwan daban, sauke, sannan ki zuba a kai ki rufe minti 10. Kada ki dafa shi a kan wuta yadda muke wa shayin gida, yawan tafasa yana lalata bitamin C. Tace, zuba zuma da lemon tsami. Ni dai na fi son sa da citta.

Amfanin fa? Bitamin C na ciki, wannan gaskiya ne. A shekarar 1536 ciwon rashinsa ya kwantar da ma'aikatan jirgin ruwan Jacques Cartier, Bafaranshe, a Kanada, sai 'yan asalin wurin suka nuna musu jiƙon ganye da ɓawon wata bishiya da ba ta zubar da ganye a hunturu, suka miƙe. Amma mu da gwaiba da lemo suka cika kasuwa ba mu cikin wannan hali. Masu cewa shayin daidai yake da Tamiflu, maganin mura na asibiti, kuwa sun wuce gona da iri. Akwai sinadarin shikimik a ganyen, da shi ake fara haɗa maganin, amma sai ya bi matakai masu yawa a masana'anta. Kofin nan zai ɗumama maƙogwaro, ba zai kashe ƙwayar murar ba.

Mai juna biyu, don Allah ki haƙura da shi gaba ɗaya. Akwai irin sanaubar na Amurka da aka tabbatar yana sa shanu ɓari. Jariri ƙasa da shekara ɗaya ba a ba shi zuma.

Allurar rigakafin mura tana nan a cibiyoyin lafiya, ana kama layi ta manhajar Sehhaty, ku kai iyayenmu tsofaffi da masu ciwon suga tun yanzu. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ko numfashi ya fara yin wuya, a kira layin Ma'aikatar Lafiya, 937, ko a wuce asibiti. Allah ya ƙara mana lafiya.