Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ma'adinai a Garin Kutna Hora

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jin Ƙai.

Mai Girma Kwamishina, 'yan tawagarsa, dattawanmu da sauran 'yan uwa, assalamu alaikum. A madadin ɗalibai da 'yan kasuwa Hausawa mazauna Jamhuriyar Cek, ina yi wa babban baƙonmu barka da zuwa, da sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, da gangan muka taso ka daga Prag, muka kawo ka tafiyar kimanin kilomita 70 gabas da babban birnin. Kutna Hora a yau ƙaramin gari ne mai mutum dubu ashirin da 'yan kai, amma shekaru 700 da suka wuce shi ne baitulmalin masarautar Bohemiya, wato tsohuwar masarautar wannan ƙasa, kuma in ban da Prag babu garin da ya kai shi daraja a ƙasar. A ƙarshen ƙarni na 13 aka gano azurfa a nan, mahaƙa suka yi ta kwararowa, yawancinsu daga ƙasashen Jamusawa, kowa yana haƙa inda ƙarfinsa ya kai.

Abin da ya fi dacewa da ofishinka shi ne matakin da Sarki Wenceslas na Biyu ya ɗauka a shekarar 1300. Ya kafa dokar haƙar ma'adinai rubutacciya, wadda ta fayyace rabon sarki, wato kashi ɗaya cikin takwas, ta kuma tsara yadda ake ba da izinin rami, da lokutan aiki, da ladan ma'aikata. A wannan shekarar ya tattara buga kuɗin ƙasar wuri guda, ya ɗauko ƙwararru daga Italiya, aka fara buga sulallan azurfa da ake kira groshen na Prag, waɗanda aka yi ta ciniki da su har a ƙasashen maƙwabta. Ginin da aka yi wannan aiki, Fadar Italiyawa, yana nan tsaye, kuma a cikinsa aka zaɓi Vladislav Jagiello ya zama sarki a 1471. A ganinmu, da babu wannan doka, da azurfar ta ƙare a aljihun 'yan tsiraru, garin kuma ya watse kamar kasuwar da ta tashi.

Azurfar dai ta ƙare. Ramuka sun yi zurfi har ruwa ya fi ƙarfin masu kwasa, yaƙe-yaƙen addini na shekarun 1420 sun ɗaiɗaita aiki, daga baya azurfar nahiyar Amurka ta karya farashi, aka rufe gidan buga kuɗin a shekarun 1720. Mahaƙar dalma da tutiya ta unguwar Kank ce ta ƙarshe, ita ma aka rufe ta a 1991. Yanzu garin yana cin abinci ne da abin da magabata suka gina, musamman tun da UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1995.

Roƙonmu guda ne, ranka ya daɗe: kafin a kai ka kallon manyan gine-gine, ka yarda ka fara sauka ƙarƙashin ƙasa. A gidan tarihin azurfa na Hradek za a ba ka farar riga irin ta mahaƙan da, da hular kwano, da fitila, ka bi tsohon rami mai tsawon kimanin mita 250. Sai dai a yi mana afuwa, malum-malum ba za ta shiga ba, domin akwai wuraren da sai mutum ya karkace kafaɗa ya sunkuya, ruwa yana ɗiga daga dutse. A irin wannan matsi mutane suka shafe rayuwarsu da guduma da kurfi, a hasken fitilar kitse. Wanda ya fito daga nan, idan ya shiga Majami'ar Waliyya Barbara, matar da Kiristoci ke ɗauka majiɓinciyar mahaƙa, zai san gumin wa ya ɗaga waɗannan ginshiƙai. An aza harsashinta a 1388, ba a kammala ba sai 1905, saboda ginin yakan tsaya duk lokacin da ramuka suka yi rowa. A bangonta akwai zanen mahaƙa da masu buga kuɗi suna kan aiki. Muna fatan wannan zagaye zai yi maka amfani idan ka koma kan batun masu haƙar zinariya da kuza a gida, waɗanda da yawansu ke shiga rami ba izini ba kariya.

Akwai kuma ɗakin ibada na Sedlec da aka ƙawata da ƙasusuwan mutane kusan 40,000. Ba mu sa shi a jadawali ba, ganin yadda al'adarmu take game da mamaci, amma in kana so, mota tana nan.

Mun tanadi wurin alwala da sallar Azahar, bayanta kuma abincin rana da matanmu suka girka tun daga Prag. Allah ya sa ka gama ziyara lafiya, ya mai da kai gida lafiya. Yanzu ina gayyatar Mai Girma Kwamishina ya yi mana jawabi.